Dutsen da Aka Ba Ni Kyauta a Tahifet

Samarin yanzu idan suka ji na yi aiki a gidan awon girgizar ƙasa na Tamanrasset, sai su ce ai wannan hutu ne, ka canza takarda da safe, inji ya yi sauran. Ba na musu da su. Zan jera aikin daki-daki kamar yadda aka jera mini shi, wanda ya karanta har ƙarshe ya ga ko zai iya maimaita maganarsa.

Sunana Isuhu. Daga wajen Damagaram na zo a bayan kamyon wani ɗan kasuwa, na sauka unguwar Sersouf wurin mutanenmu. Karatuna kaɗan ne, allo da aji huɗu na lekkol, wato boko. Da shara aka ɗauke ni. Mai kula da injunan wani tsohon Bature ne, muna ce masa Mai Lofe. Wata shida ina share tsakar gida yana kallona ta taga. Wata safiya ya kira ni ya ce, "Kullum daga kusurwar gabas kake farawa, a bakin ƙofa kake ƙarewa. Wa ya ce ka yi haka?" Na ce ba kowa. Ya ce in ajiye tsintsiya in biyo shi.

Injin yana cikin ɗakin ƙasa, bisa ginshiƙin siminti da aka dasa a jikin dutse. Kafin ka shiga, ka tuɓe takalmi. Ba a tari, ba a jingina da bango, ba a rufe ƙofa da ƙarfi. Mai Lofe kansa a waje yake barin lofensa. A ciki akwai ƙarfe mai nauyi a rataye, da allura siririya kamar gashin wutsiyar doki, da ganga wadda take juyawa a hankali dare da rana. Idan ƙasa ta motsa, ginshiƙi ya motsa da ita, ƙarfen nan mai nauyi ya tsaya inda yake, allura ta rubuta bambancin a jikin takardar da aka naɗa wa gangar.

Ba da tawada take rubutu ba, da hayaƙi ne. Aikin farko da na koya ke nan. Ka naɗa farar takarda mai santsi a ganga, ka kunna fitilar kananzir mai faɗin lagwani, ka riƙa juya gangar bisa harshen wutar har takarda ta yi baƙi ko'ina daidai. In hayaƙi ya yi kauri, allura ta maƙale. In ya yi kaɗan, rubutu ba ya fita. In ka tsaya wuri ɗaya, takarda ta ƙone. Na ƙona goma sha ɗaya kafin ya yarda da hannuna.

Aiki na biyu agogo. Babban agogo ne cikin akwatin katako, kowane minti yana sa allura ta yi ɗan tsalle. Kowace safiya ka kunna rediyo, ka jira ƙarar da take faɗin lokaci, ka rubuta daƙiƙa nawa agogonka ya wuce ko ya rage. Takardar da ba ta da lokaci daidai, shara ce.

Aiki na uku tsarewa. Takarda in ta fito daga ganga, numfashinka kaɗai ya isa ya share rubutun yini guda. Sai ka kama ta ta gefe biyu, ka ratsa da ita cikin tire na berni, wani irin ƙaro ne na Turawa da ake narkarwa a alkol, ruwan sinadari mai saurin bushewa, ka rataye ta ta bushe. Daga nan ka juya bayanta ka rubuta lamba da kwanan wata, da duk abin da ya faru: iska, mota, wanda ya shigo. Mai Lofe lambobi kaɗai yake so. Ni kuma ina ƙara sunan ranar da ajami a ƙasan kusurwa, Asabar ko Lahadi, don kaina, saboda haka malaminmu na allo ya saba mana lissafin kwanaki. Ya gani, ya ɗaga kafaɗa, bai hana ba.

Karanta takarda ba aikina ba ne, amma abu biyu ya nuna mini. Na farko, girgiza ta gaskiya tana aiko ɗan aike. Ƙaramin motsi ne mai sauri yake fara isowa, a ɗan jima uwar tafiyar ta biyo. Tazarar da ke tsakaninsu ita ke faɗin nisan wurin. Na biyu, ya nuna mini rubutun masu fasa dutse da nakiya a hanyar mota, ya ce, "Duba agogo. Aikin ɗan Adam yana da lokacin tashi da lokacin cin abinci."

Muguwar shekararmu ita ce ta bayan samun 'yancin kai. Mai Lofe ya koma ƙasarsu, ma'aikata suka watse, kaya suka daina zuwa daga arewa. Berni ya ƙare. Na jiƙa ƙaro irin namu na gwada, ruwan ya wanke hayaƙin, na ɓata takarda uku na bari. Sai na share wani ɗaki, na toshe tagoginsa da tsumma, na ɗaura igiyoyi, kullum in rataye takardar ranar da ɗanyen hayaƙinta. Wata biyar ba wanda ya shiga ɗakin sai ni, da rawani naɗe a hanci. Kananzir kuma wani Alhaji mai kanti a kasuwa ya riƙa ba ni kwalba-kwalba, yana cewa bai san amfanin abin ba amma ya ga ba na fashi. Da berni ya iso na tsare su duka. Ganga ba ta tsaya ko yini ɗaya ba.

Masu zuwa neman aikinmu injiniyoyi ne: masu gada, masu tankin ruwa, masu asibiti. Tambayarsu ɗaya ce, ƙasar wuri kaza tana motsi ko ba ta yi. Can arewa wajen teku an san tana yi, ta sha rushe garuruwa. Nan cikin duwatsun Hoggar ba kowa ya taɓa aunawa wuri-wuri ba. Gwamnati sabuwa ce, siminti da ƙarfe kaɗan ne, masu nema da yawa. In an ce wuri yana motsi, ko dai a ninka ƙarfe, ko a kai aikin wani gari. Sau da yawa na biyun ake yi.

Aikin Tahifet ya zo ne bayan an kawo mana ƙaramin inji mai shiga akwati biyu. Tahifet ƙauye ne cikin duwatsu, yini guda a mota, masu lambu ne, alkama da tumatir da ɓaure. Ruwan sama in ya zo sai ya taho ta kori, wato busasshen rafi, da ƙarfi, ya wuce cikin yini biyu, a bar su da yashi. An yi niyyar gina musu ƙaramar madatsa a ƙuncin korin don ruwa ya tsaya ya nutse. Injiniyan aikin wani saurayi ne daga Alje babban birnin ƙasar, Si Rashid, mai ƙwazo da gaggawa. Ya ce ba zai sa hannu ba sai an saurari ƙasar wurin wata guda. Aka tura ni.

Dokar kafa ƙaramin inji biyar ce. Ɗaya, ka nemi dutse mai saiwa, ba wanda ya gangaro ya zauna ba. Biyu, wurin ya kasance babu bishiya kusa, iska ba ta dukansa. Uku, ka taka ƙafa ɗari biyar gabas, ɗari biyar yamma, kudu da arewa, ka ga duk abin da ke motsi: rijiya, hanya, turken dabbobi. Huɗu, ka daidaita inji da ma'aunin ruwa. Biyar, ka saita agogo da rediyo.

Mun isa da la'asar. Dattijon garin, wanda suke kira Amghar, ya tarbe ni da kansa. Tafinta shi ne Hamma, wani manomi da ya zauna Agadas, Hausarsa ta fi tawa gudu. Tun ranar ya sa mini suna Damagaram. Amghar ya ji abin da nake nema, ya kama hannuna a gaban mutanensa, ya kai ni bayan lambunsa, ya nuna mini wani shimfiɗaɗɗen dutse a gindin tudu. Hamma ya ce, "Ya ce nan mahaifinsa yake zama. Ba a taɓa ba wa baƙo shi ba. Ya ba ka, kai da ƙarfenka."

Na buga dutsen da guduma, mai saiwa ne. Ba bishiya, ba iska. Doka ta ɗaya da ta biyu sun cika. Saura ta uku. Amma an riga an yanka akuya, an shimfiɗa tabarma, dattawa sun zauna suna jirana. A wurinmu da wurinsu duka, in babba ya ba ka abu a gaban jama'a, ba ka tashi ka kewaye shi kana dube-dube kamar mai sayen jaki. Na ce gobe zan taka. Gobe ta yi, inji ya riga ya zauna, yana rubutu lafiya, Amghar yana zuwa kowace safiya ya tsaya daga nesa ya tambayi lafiyar ƙarfe. In ya gan ni ina ƙirga taku bayan tudunsa, me zan ce masa nake nema? Na bar ta.

Tun takarda ta farko allura ta fara rubuta ƙananan tsalle, da yawa, a cunkushe. Na duba gizo-gizo, babu. Na duba tururuwa, babu. Na lura ba su da ɗan aike, amma na ce karatu ba nawa ba ne. Kowane mako direba ya zo ya kwashi takardu ya kai buro, wato ofishinmu. Hamma kuwa kullum da sassafe sai ya wuce ni da wasu mutum huɗu, da yamma ya dawo da farar ƙura har a gashin ido.

"Damagaram, me ƙasa ta ce yau?"

"Tana magana."

"To ka gaya mata mu ruwa muke so, ba zance ba."

Ban tambaye shi inda suke zuwa ba, shi ma bai faɗa ba. Mutanen nan ba sa kai wa baƙo labarin wahalar gida.

Da wata ya cika na koma Tamanrasset. Mai karanta takardunmu yana Alje a lokacin, don haka Si Rashid da kansa ya ƙirga tsallen, ya jera su a jadawali. Ya kira ni buro ranar Talata.

"Si Yusuf, aikinka ya yi tsabta. Amma labarin ba daɗi. Ƙasar wurin ba ta zaune. Ba zan ɗora bango mai riƙe ruwa a saman ƙauye ba, a kan dutsen da ke rawa kullum. Rahoto zai bi jirgin Alhamis, simintin a kai shi wani wuri."

Na ce, "Ranka ya daɗe, da rana kaɗai suke zuwa."

"Na gani. Zafin rana ne yake buɗe tsagar dutse, sai ta zame. An san wannan."

Na roƙi ya ba ni takardun zuwa gobe da safe. Ya ba ni, yana duba agogonsa.

Na kai su ɗakin da na taɓa rataye ɗanyen hayaƙi. Na share ƙasa. Na kife su duka, bayansu a sama, na jera su ba bisa lamba ba, bisa sunan ranar da na rubuta da ajami: Asabar a layi ɗaya, Lahadi a layi ɗaya, har bakwai. Sannan na bi layi-layi ina buɗewa. Asabar cike. Lahadi cike. Haka har Alhamis. Layin ƙarshe takarda huɗu ne, duka huɗun layukansu a miƙe kamar zaren saƙa, ba tsalle ko ɗaya. Na koma kan sauran da ma'aunin minti. Kowace rana tsallen yana farawa bayan fitowar rana, ya tsaya wajen azahar kamar sa'a ɗaya da rabi, ya ci gaba, ya ƙare kafin magariba.

Laraba da safe na kawo Si Rashid ɗakin. Na sa ya tuɓe takalmi, don haka dokar ɗakin take. Ya tsuguna ya bi layukan.

"Waɗannan huɗun fa? Inji ya lalace?"

"Dubi alamar minti, tana nan. Inji lafiya lau. Juma'a ce."

Ya juya ɗaya ya ga rubutuna.

Na ce, "Rana tana fitowa ran Juma'a kamar kullum, ranka ya daɗe. Dutsenka kuma yana tsayawa sallar azahar, har ya sha shayi."

"To mene ne?"

"Ban sani ba. Kuma laifina ne da ban sani ba. Ban taka ɗari biyar ɗin ba."

Ya miƙe tsaye. "A takardar kafa inji ka rubuta an cika doka biyar."

"Na rubuta huɗu. Wurin ta uku na bar shi fari. Ba ka duba ba, ni kuma ban nuna maka ba."

Ya aika aka kawo takardar, ya ga haka ne. Ya ce in ya tsayar da rahoto, dole ya rubuta dalili, dalilin kuma sunana ne. A lokacin ana maganar tura ni Alje in koyi karatun takardu. Ya ce in san wannan ya wuce. Na ce na sani.

"Wanda ya tsallake doka sau ɗaya, me zai sa in yarda da shi karo na biyu?"

"Kada ka yarda. Ka zo ka taka da ƙafarka."

Jirgin Alhamis ya tashi ba rahoto. Asabar muna Tahifet. Na mayar da inji bisa dutsen, muka sha shayi kofi uku kamar yadda ake yi, sannan na tashi a gaban kowa na fara ƙirga taku. Si Rashid yana bayana. Gabas ba komai. Kudu lambu. Arewa muka hau tudun, a taku na ɗari uku da 'yan kai muka leƙa bayansa. Ga bakunan ramuka a jere, kowanne da tulin ƙasa a gefensa. Fogara ce, hanyar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa da kakanninsu suka haƙa. Ruwanta ya ja baya, suna ƙara mata tsawo don su bi shi, suka ci karo da dutse mai tauri, suna fasa shi da babbar guduma da sandar ƙarfe. Ramin ya bi ta ƙarƙashin tudun, jikin dutse ɗaya da wanda injina yake kai.

Na leƙa na yi kira. Hamma ya amsa daga ciki.

"Damagaram, ka ɓata hanya ne?"

"Wata guda kana rubuta mini wasiƙa ban san kai ba ne."

Si Rashid bai yarda da ido kaɗai ba, kuma daidai ya yi. Ya koma wurin inji da agogonsa. Na ce wa Hamma su tsaya duka. Da inuwar sandata ta kai alamar da muka shirya da Si Rashid, na yi wa Hamma kira, ya buga goma, ya huta, ya buga uku. Na koma. Si Rashid yana durƙushe gaban ganga. Allura ta rubuta goma, ta bar fili, ta rubuta uku.

Saura abu mafi wuya, in gaya wa Amghar zan ɗauke inji daga dutsen mahaifinsa. Na sa Hamma ya wanke fuska ya zo. Na faɗi komai a jere: doka biyar, wadda na tsallake, dalilin tsallakewar, da rahoton da ya kusa tafiya. Amghar ya gyara rawaninsa har ya kusa rufe ido. Da ya yi magana, Hamma ya fassara ba tare da wasa ba.

"Ya ce da ka taka tun ranar farko, da ya ji kunya ta yini ɗaya. Ka tsare masa kunyar yini ɗaya, ka kusa saya wa garinsa ƙishirwar shekaru. Ya ce shi dutse ya sani, bai san ƙarfenka ba. Wanda ya san abu shi ke da nauyin faɗa."

Na ce gaskiya ne.

Washegari shi da kansa ya ɗauki sanda ya shige gaba. Muka sami wani dutse can ƙetaren kori, kusa da inda za a yi ginin. Na taka ɗari biyar sau huɗu, yana biye da ni yana ƙirgawa da harshensu. A yamma na tsaya a ɗari huɗu da casa'in saboda gangare, ya nuna mini gaba da sanda. Na cika goman.

Kwana arba'in na yi a sabon wurin. Masu fogara ba su daina aiki ba, allura ba ta ji su ba. Layuka a miƙe, sai rana ɗaya da ta rubuta girgiza ta gaskiya, da ɗan aikenta a gaba, uwar tafiya can baya da tazara mai tsawo, alamar daga nesa ƙwarai ta zo. Wannan takardar ta fi sauran amfani, don ita ta nuna injin ba kurma ba ne. Mai karatunmu ya dawo daga Alje ya duba duka, ya ce wata ɗaya ko biyu ba sa faɗin halin ƙasa har abada, amma babu abin da zai hana gini in an sa ƙarfe gwargwado. Si Rashid ya sa hannu. A shafi na biyu ya rubuta cewa awon farko ya ɓaci saboda mai kula da inji bai duba kewaye ba. Ya karanta mini kafin ya aika. Na ce ya ƙara cewa doka ta uku ce, don wanda zai zo bayana ya san wacce. Ya ƙara.

Ban je Alje ba. Na ci gaba da hayaƙi da agogo da berni har aka daina amfani da su. Duk wanda aka ba ni in koya masa, kafin ya taɓa fitila sai ya taka ɗari biyar sau huɗu a tsakar rana, ya dawo ya faɗa mini abin da ya gani. Wanda ya ce bai ga komai ba, ya koma.

Shekara biyu bayan haka aiki ya bi da ni ta Tahifet. Madatsar tana tsaye, an yi ruwa, yashin bayanta a jiƙe, rijiyoyin lambu sun taso. Amghar ya sa aka shimfiɗa mini tabarma a kan dutsen mahaifinsa. Na zo zan zauna, ya ɗaga hannu ya yi magana, dattawa suka sunkuyar da kai suna dariya cikin rawani.

Hamma ya ce, "Ya ce tabarmar kyauta ce. Ko za ka fara kewaye ta?"

Na mayar da takalmina. Na fara da gabas. Shayin ya jira ni.